Bature Na Sauke Sifirin Motarsa, Direban Keffi Na Ƙara Wa Tasa

Duk ɗan Arewan da ke neman abinci a Ikko ko Badun ko Shagamu, wanda ya taɓa tara ɗan guminsa ya aika gida don a saya wa ƙanensa motar a-kori-kura, ya san saƙon da ke biyo baya. Ba a wata biyu sai yaro ya bugo waya ya ce motar nan fa tana zama ƙasa in an yi mata lodi, a taimaka a turo kuɗin ƙarin sifirin. Yawancinmu mukan tura ba tare da mun san abin da za a yi wa motar ba.

In kana son ganin wannan aiki da idonka, to garejojin Keffi sun ishe ka. Garin yana bisa hanyar da ta taso daga Abuja ta nufi Akwanga da Lafiya da Makurɗi, ga kuma wadda ta yi Nasarawa da Toto. Tun da aka mai da hedkwatar ƙasa Abuja cikin 1991, bakunan da za a ciyar a Nyanya da Mararaba da Masaka suka yi ta ƙaruwa, kuma doya da garin rogo da riɗi da gawayi masu yawa ta Keffi suke ratsawa, a bayan ƙananan motocin kaya. Dattawa sun tuna a-kori-kura Peugeot 404 da 504, waɗanda kamfanin SCOA ya riƙa haɗawa a nan Ikko, yayin da masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki cikin 1975, take fid da na shiga. Yau Hilux da ire-irenta sun gaje su, amma sifirin bayansu iri ɗaya ne.

Shi wannan sifirin fallayen ƙarfe ne da aka jera, dogo a sama, gajeru a ƙasa, ƙusa guda ta ratsa tsakiyarsu ta ɗaure su. Falle na sama shi ne babba, bakinsa biyu a naɗe suke kamar zobe, ɗaya a kafe jikin mota, ɗaya kuwa yana rataye a wani ɗan ƙarfe mai lilo don ya sami wurin miƙewa in an danne shi. Ba ɗaukar nauyi kaɗai yake yi ba, shi ne kuma ke riƙe da ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya kada ya goce.

Abin dariya shi ne, a Ingila akwai masu kashe kuɗi don su yi kishiyar abin da muke yi. Akwai wata 'yar motar yayi mai kujera biyu da ake kira MGB, wadda aka yi ta ƙerawa a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980, ita ma irin wannan sifirin ke bayanta. Cikin 1974, don cika dokokin Amurka inda aka fi sayenta, sai masu ƙera ta suka ɗaga ta da inci ɗaya. Inci ɗayan nan ya ɓata mata tafiya, ta koma tana kwanciya gefe in an sha kwana, har yau kuma masu ajiye tsofaffin irinta suna sayen sifirin da bai cika lanƙwasa ba su sa mata don ta koma ƙasa. Watau inci ɗaya tak ya isa ya sāke halin mota. Mu kuwa sai a cusa falle biyu ko uku, bayan mota ya ɗaga kamar ɗan akuya zai yi karo, kuma babu mai tambaya.

Ko sauke mota za a yi ko ɗaga ta, ƙa'idar aikin ɗaya ce. Tilas a yi gefe biyu tare, da fallaye masu kauri ɗaya da lanƙwasa ɗaya, in ba haka ba mota ta karkace. In an ƙara falle, ƙusar tsakiya da kuma lanƙwasassun ƙusoshin nan da ke rungume da sifirin sun gajarce ke nan, sai an sayo dogaye sababbi. Nan ne ake yawan yin rowa, a bar noti yana riƙe da zare biyu kacal. Ran da suka saki, ƙusar tsakiya za ta karye, ƙafafun baya su goce, ka ga mota tana tafiya a kaikaice tana cin taya. Sa'an nan kada a ƙarasa ɗaure ƙusoshin bakin sifirin mota tana bisa jak. Sai an sauke ta, nauyinta ya zauna kan tayoyi, domin in an ɗaure tana rataye, robobin ciki za su murɗe su yage tun ba a je ko'ina ba. Bayan 'yan kwanaki da fara aiki kuma a koma a sāke matse notukan.

Na taɓa tsayawa a wani gareji na ga ana yi wa karyayyen falle walda, mai motar yana tsaye yana murna ya sami sauƙi. Ƙarfen sifirin a dafe yake tun daga masana'anta, wuta kuwa tana kashe masa dahuwar. Wanda aka yi wa walda, ko aka gasa don a lanƙwasa shi, gefen wurin zai sāke karyewa, kuma ba a gareji zai karye ba, sai an cika shi da doya an hau hanya.

Amma babban abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne wannan: ƙarin falle sifirin kaɗai yake ƙarfafawa. Tsohuwar a-kori-kura don kayan da bai wuce wajen tan ɗaya ba aka yi ta. Birkinta da tayoyinta da ƙarfen ƙafafunta suna nan yadda aka ƙera su. Dā zaman da mota take yi ƙasa shi ke gaya wa direba kaya sun yi yawa, yanzu an toshe mata baki. Wasu motocin ma suna da wata 'yar na'ura a baya da ke auna yadda mota ta sunkuya, ta ƙara wa birkin baya ƙarfi gwargwadon haka. In sifirin ya ƙi sunkuyawa, sai ta ɗauka mota ba kaya, ta rage ƙarfin birki daidai lokacin da aka fi bukatarsa, a gangare, da fasinja zaune bisa buhuna. In kuwa mota ta dawo wayam, sai bayanta ya riƙa tsalle, tayoyi ba sa kama ƙasa sosai, balle an yi ruwa.

Ban ce kada a taɓa ƙara falle ba. Sifirin da ya gaji ya miƙe yana bukatar a canja shi, kuma falle guda da gwani ya sa yana taimakon motar da ke bin hanyar ƙauye da damina. Sai dai in yaron nan ya sāke bugowa, ka tambaye shi falle nawa za a ƙara, ko kuɗin da ya faɗa ya haɗa da sababbin ƙusoshi da robobi, da kuma buhu nawa yake nufin ɗorawa bayan an gama. In ya ce zai ninka na dā, ka ce masa ya yi sawu biyu, kai za ka biya kuɗin man.