Tsakanin "Allah Ya Isa" da "Na Yafe": Darasi daga Agyaragu

Duk wanda ya bi hanyar Lafiya zuwa Makurɗi a kakar doya ya san Agyaragu: tulin doya a bakin titi, manyan motoci na lodi, 'yan dako na kai da kawowa. Baƙo ba zai ce garin ya taɓa ganin wuta ba. Amma a watan Nuwamba 2012 rikici ya ɓarke tsakanin Eggon da Migili, waɗanda ake kira Koro, aka rasa rayuka, gidaje suka zama toka. Yau mutanen da suka guje wa juna a lokacin suna ciniki a kasuwa ɗaya, wasunsu kuma suna haɗuwa a majami'a ranar Lahadi. Wuta ta mutu, to zuciya fa?

Wanda aka cuta yakan faɗi ɗayan magana uku. "Allah ya isa" kai ƙara ne. "Na bar shi da Allah" sau da yawa Allah ya isa ce ta sa babbar riga, don mai faɗinta yana zuba ido ya ga ranar da macucin zai faɗi. Ta ukun, "na yafe", ita Almasihu ya ɗora wa mabiyansa, ko da yake mun tashi muna jin ana cewa rama cuta ga macuci ibada ce.

A Matiyu sura 18 Bitrus ya tambaya ko yafewa sau bakwai ta isa. Yesu ya amsa da misalin bawan da sarki ke bi talanti 10,000. Talanti ɗaya kusan dinari 6,000 ne, dinari kuwa ladan yini guda ne na ɗan ƙodago. Sarki ya yafe masa duka. Fitar bawan ke nan sai ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa bawa saboda bashin dinari 100. A lura, sai da sarki ya yi lissafi kafin ya yafe. Wato mai yafewa ya san abin da aka ɗauke masa, ya kira shi da sunansa, sannan ya daina bin bashin, don shi ma an yafe masa wanda ya fi.

Yafewa ba ta rufe bakin shari'a. Bayan kisan jami'an tsaro da dama a ƙauyen Alakyo a watan Mayu 2013, wanda aka ɗora wa ƙungiyar Ombatse, shugaban hukumar SSS na lokacin, Ita Ekpenyong, ya ce sun yafe. Maganar ta jawo suka, kuma da dalili. A Romawa sura 12 Bulus ya hana mai bi ɗaukar fansa, a sura 13 kuma ya ce hukunta mai laifi aikin hukuma ne. Matar da aka kashe wa miji tana iya sauke ƙullin da ke ranta, amma kotu ba ta da ikon yafe jinin da ba nata ba.

Haka kuma abin ba na yini ɗaya ba ne. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin Kaduna na 1992. Sai a 1995 ya fara zama da Imam Muhammad Ashafa, wanda a da abokin gabarsa ne, kuma ya sha faɗa cewa ko bayan nan ya daɗe yana fama da zuciyarsa. Hannun bai dawo ba, amma ƙiyayyar ta tafi.

Matiyu sura 5 ta nuna inda za a fara: mai kawo baiko ya ajiye shi a gaban bagade, ya je ya shirya da ɗan'uwansa tukuna. A Agyaragu tafiyar ba nisa. Wataƙila rumfar can ce da ka yi shekaru kana kewaye ta. Ranar kasuwa mai zuwa ka tsaya, ka ce wa mai rumfar, "Sannu da kasuwa, yaya iyali?"