Shanu Marasa Tozo a Duwatsun Birnin Kudu: Abin da Zane ke Faɗa Game da Muhalli

Duwatsun da ke kewaye da Birnin Kudu, waɗanda jerinsu ya miƙa ta wajen Gwaram har ƙasar Bauchi, suna ɗauke da wata shaida da masu nazarin muhalli da al'ada ba su gama cin moriyarta ba. A ƙarƙashin inuwar Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu akwai zane-zanen mutanen dā, mafi yawansu na shanu, da aka yi da jan launi.

Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, shi ne ya fito da wurin ga duniyar ilimi. A shekarar 1955 ya lura cewa wasu duwatsun da ke daf da zanen suna amo kamar kuge idan aka buga su da ƙaramin dutse, kuma jikinsu duk ya lotsa saboda daɗewar kiɗa. Ya wallafa bayaninsa a mujallar Man a 1956.

Abin lura a nan shi ne siffar shanun. Da yawansu ba su da tozo. Wasu dogayen ƙaho gare su, wasu gajeru. Bunajin da makiyayi ke kora yau a kudancin Jigawa kuwa mai tozo ne. Marasa tozo masu gajeren ƙaho, dangin muturu, an san su da jure cizon tsando da cutar sammore, shi ya sa a yanzu aka fi samun su can kudu inda kurmi yake. Ganinsu a jikin dutse a nan yana nuni da cewa ko dai ƙasar ta taɓa fin haka duhuwa da damshi, ko kuwa zane ne na zamanin da masu tozo ba su riga sun mamaye Arewa ba. Zane kaɗai ba ya raba gardama. Sai an haɗa da tonon ƙasa da nazarin ƙasusuwa.

Nan ne gyara ya kamata. Mai binciken da ya ɗauki hoton saniya ya koma jami'a ya bar rabin aikin a baya, domin zanen da dutsen kiɗan wuri guda suke, kuma Fagg kansa ya tarar da mutanen garin suna danganta wuraren da al'adun aure. Tsofaffin da suka san yadda ake yi suna ƙarewa.

Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ce ke riƙe da wuraren, amma masu fasa dutse domin gini ba su jiran a kammala bincike. Zane ana iya adana hotonsa. Dutsen kiɗa kuwa da zarar an farfasa shi, amonsa ya tafi, sai dai in an riga an naɗe shi.