Tsohuwar Waya Da Neman Hanya

Sa'ad da aka rarraba 'yan ajin ƙarshe zuwa makarantu don gwajin koyarwa, wani ɗalibi ya zo mini da kuka. An tura shi wata makarantar ƙauye a bayan Lambata, bai kuwa taɓa zuwa ba, ga shi wayarsa ta ƙi karɓar Google Maps. Ko yaushe ya nema, sai a rubuto masa wai manhajar ba ta dace da na'urarsa ba. Har ya fara shawarar cin bashi ya sayi sabuwa. Na ce masa ya dakata tukuna. Da yake na san ba shi kaɗai ke da wannan damuwa a kwalejin nan ba, na ga ya kyautu in rubuta bayanin kowa ya amfana.

Abubuwa uku ne ke haɗuwa kafin waya ta nuna wa mutum hanya. Akwai ɗan kunne a cikinta mai sauraron taurarin ɗan Adam, akwai taswira, sa'an nan akwai manhaja mai ɗora wannan bisa wancan. In an ce waya ba ta dace ba, galibi maganar manhajar ake yi, watau masu ita sun daina kula da tsofaffin wayoyi. Kunnen yana nan lafiya lau.

To, yaya kunnen ke aiki? Sojan Amurka ne suka kafa tsarin GPS, ya kammala a 1995. Taurarinsa ba su kasa 24, suna shawagi a nisan kilomita wajen 20,200, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a kwana guda. Kowane tauraro yana ta shelar inda yake da lokacin da agogonsa ya nuna. Saƙon yana gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Waya takan duba jinkirin da saƙon ya yi a hanya, ta lissafa nisanta da tauraron. In ta ji uku, ta kusa sanin wurinta, amma sai da na huɗu lissafin ke tsayawa, domin agogon waya ba abin dogara ba ne. In aka raba daƙiƙa kashi miliyan aka yi kuskuren kashi ɗaya tak, an kauce da mita 300 ke nan. Malaman lissafi, ga darasi a ɓagas.

Abin lura a nan, waya saurare kawai take yi, ba ta aika kome sama. Saboda haka wannan aiki ba ya cin kati, ba ya bukatar sabis. Rasha ma tana da nata taurarin, GLONASS, Turai tana da Galileo, Sin tana da BeiDou, wayoyi da yawa kuwa suna jin fiye da ɗaya.

Saura taswira da manhaja. A 2004 wani Bature, Steve Coast, ya fara OpenStreetMap a Ingila, taswirar da jama'a ke zanawa da kansu, kowa ya ɗauka kyauta. Akwai manhajoji da aka gina a kanta, kamar OsmAnd da Organic Maps, ba sa kuma tilasta wa mutum shiga ta ƙofar Google. Wannan ya yi wa masu sababbin wayoyin Huawei rana, waɗanda suka fito ba kayan Google bayan takunkumin da Amurka ta sa wa kamfanin a 2019.

Ga yadda muka yi da ta ɗalibin nan. Muka duba wurin saiti muka ga lambar Android ɗinsa, muka nemo fitowar manhajar da ta yarda da wannan lamba. Fayil ɗin da ake saukewa sunansa APK. Waya za ta yi gardama, sai an ba ta izinin karɓar abin da bai fito daga kantin Google ba. A nan fa sai a yi hattara ƙwarai. Kada a karɓi APK daga hannun kowa a tasha ko a WhatsApp, gama ɓarayi sukan ɓoye tarko a ciki su kwashe kuɗin mutum na banki. A ɗauko daga shafin masu manhajar, ko daga F-Droid, in an gama a mayar da izinin a rufe. Sa'an nan muka sauke taswirar Nijeriya inda intanet ke da ƙarfi, muka ajiye ta a katin memori, don cikin wayar ya cika da hotuna.

Da muka buɗe a ofis, shiru. Ya ce, "Malam, ai na faɗa maka ta mutu." Ba ta mutu ba, rufin kwano ne ya tare ta. Ban da haka, wayar da ba ta da sabis dole ta karɓi jadawalin taurari daga bakinsu, cikakkensa kuwa yakan ɗauki minti 12 da rabi. Muka fita fili, muka daidaita kwanan wata da agogo, muka jira. Can sai ga ɗigo ya bayyana.

Na umurce shi ya gwada ta a wurin da ya sani kafin ya dogara da ita. Ya tsaya a mararrabar Lambata, inda hanyar Lapai da Bida ta rabu da ta Suleja zuwa Minna, ɗigon ya zauna daidai kan mahaɗar, wajen digiri 9 arewa, 7 gabas.

Amma taswirar ba ta san kome da kome ba. Manyan hanyoyi suna ciki, har da Kogin Gurara, ƙauyen da aka tura shi kuwa babu ko sunansa. Daga inda kwalta ta ƙare, 'yan acaɓa ne suka kai shi. Da ya isa ya sa alama a ƙofar makarantar, ya bar wayar ta zana sawun hanyar da ya bi ya komo. Yanzu muna shirin shigar da su cikin OpenStreetMap, ni da 'yan ajin labarin ƙasa. Wanda aka tura ƙauyukan Gurara, in yana so a sa tasa makarantar, ya same ni da wayarsa ranar Asabar da hantsi.