Abincin Farko da Ƙarfin Jikin Ɗan Maraƙi

Cikin saniya ɗaki huɗu ne, amma ran da aka haifi maraƙi na huɗun kaɗai ke aiki sosai. Nonon da ya tsotsa yakan bi wata 'yar hanya ya zarce can, ba ya sauka a tumbi. A wannan lokaci daga sukari da maiƙon nono jikinsa ke samun ƙarfi. Dakashi kuwa, wanda ya fi nono maiƙo, wajibi ne ya sha shi cikin awa 24 na farko, kafin hanji ya daina karɓar kariyar da ke cikinsa.

Daga baya sai al'amarin ya sake. Idan ya fara cin dusa ko hatsi, ƙananan halittu a tumbi sukan ruɓar da su, su fid da sinadarai masu tsami. Wani ya gina bangon tumbi, wani hanta ta mai da shi sukari. Ciyawa zalla ba ta yin wannan aiki da sauri. Saboda haka makiyayin da ya tatse nono ya kai kasuwa, bai kuwa ba maraƙi dusa ba, ya toshe masa hanyar farko tun ta biyu ba ta buɗe ba.