Bugun Zuciya da Lafiyar Ƙoda

Zuciya da ƙoda abokan aiki ne. Zuciya tana harba jini zuwa sassan jiki, ƙoda kuma tana tace shi. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya take harbawa yana bi ta ƙoda. A kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, waɗanda suke fitar da dauɗa ta hanyar fitsari.

Idan awon jinin mutum ya kai 140/90, kuma ya dawwama a haka, to yana da hawan jini. Ƙarfin jinin yakan lalata siraran jijiyoyin matatan sannu a hankali. Ƙodar da ta raunana takan riƙe gishiri da ruwa a jiki, sai jinin ya ƙara hawa. Ta haka kowace cuta take rura wutar ɗayar.

Zuciyar baligi tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan yana hutawa. Amma a shekarar 2018 likitocin zuciya na Turai sun bayyana cewa bugun da ya wuce 80 alamar haɗari ce ga mai hawan jini. Jijiyoyin laka masu gaggauta zuciya su ne kuma suke matse hanyoyin jinin ƙoda.

Jihar Yobe ta san illar ciwon ƙoda, musamman a yankin Gashuwa. Manomin Gadaka da ƙodarsa ta gaza sai ya riƙa zuwa babban asibiti, kamar na Damaturu, domin wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako. Gona ta tsaya, aljihu ya bushe.

Saboda haka mai hawan jini ya riƙa ƙirga bugun zuciyarsa a wuyan hannu na minti ɗaya. Ya je asibiti, a Potiskum ko kusa da gida, a auna jininsa da fitsarinsa. Ya rage gishiri da kanwa da dunƙulen miya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishiri ya kai giram 5 a yini. Ya guji shan maganin kashe ciwo barkatai, kada kuma ya daina shan maganinsa don ya ji sauƙi.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin ƙoda?
2. Yaya hawan jini yake lalata ƙoda?
3. Me ake nufi da "aljihu ya bushe"?