Ƙwayar amai ta mota: a sha ta kafin a hau, kuma ban da direba

Bayan an gama girbi, an ɗaure damman hatsi an zuba rumbu, sai hanya ta cika da matafiya. Samari suna tafiya ci-rani. Mata suna zuwa biki da suna da gaisuwar mutuwa. Makiyayi ya sayar da bisashensa a kasuwa, zai koma gida da mota. Tun kafin kiran asalatu tashar Maraɗi da ta Damagaram da ta Tawa sun cika maƙil.

Cikin matafiyan nan akwai waɗanda tsoron mota yake hana su barci tun daren jiya. Sun san abin da ke jiransu. Da an yi tafiya kaɗan sai kai ya fara juyawa, miyau ya cika baki, zufa mai sanyi ta karyo, daga nan sai amai. Daga Yamai zuwa Maraɗi wajen kilomita 660 ne. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, tafiyar da takan ci yini guda. Mai wannan larura yana isa a galabaice, kamar wanda ya tashi daga jinya.

Shi ya sa da yawa suke neman ƙwaya. Akwai ta a farmasi, ana sayar da ita ba tare da takardar likita ba, kuma tana aiki. Amma tana da sharuɗɗa, kuma mai tallar magani a bakin tasha ba ya faɗin su.

Me ke kawo aman mota?

Wasu suna cewa warin esansi ne. Wasu suna cewa raunin zuciya ne, har ana yi wa mutum dariya. Wari yana ƙara abin, gaskiya ne, amma tushensa cikin kunne yake. Can cikin kunnen kowane mutum akwai wasu ƴan ƙananan hanyoyi masu ruwa a ciki. Su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki yana tsaye, ko yana karkacewa, ko yana tafiya. Ido ma yana kai nasa labari. Idan mutum yana tafiya da ƙafa, labarin ido da na kunne ɗaya ne. Amma wanda ke zaune can bayan mota, yana kallon ƙeyar na gabansa, idonsa yana cewa a zaune yake, kunnensa yana cewa ana jijjiga shi ana karkata shi. Wannan saɓani shi ke tayar da zuciya.

Haka abin yake a kwale-kwale bisa kogin Kwara, da jirgin alhazai, har da bayan raƙumi ga wanda bai saba ba. Yara daga shekara 2 zuwa 12 su ya fi kamawa, sai mata masu ciki, da masu ciwon ɓarin kai. Jariri ɗan ƙasa da shekara 2 da wuya ya same shi. Direba ma da wuya, domin idonsa yana bisa hanya, ya san kwana kafin ya sha ta. Kuma jiki yana sabawa: wanda ya yawaita tafiya, sau da yawa abin yakan ragu masa.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Ƙwayoyin da aka fi sani iri biyu ne, kuma ƴan gida ɗaya ne. Ɗaya sunanta dimanhidirinat, ana ganin ta cikin kwali mai suna Nausicalm. Ɗayar difanhidiramin ce, ita ce cikin Nautamine. Sunan kwali yana iya bambanta, tunda kamfanoni da yawa suna yin su. Sunan maganin da kansa, wanda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe ƙarƙashin babban suna, shi ne abin dubawa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne jira. Mutum ya sa ƙwaya aljihu, ya ce sai ya ji abin ya taso. To, idan zuciya ta riga ta tashi, ciki yana rage aikinsa, ƙwayar ta zauna nan ba ta shiga jini da wuri ba, ko amai ya fito da ita. An yi asarar kuɗi ke nan. Ana shan ta minti 30 zuwa awa guda kafin mota ta tashi, da ruwa mai tsabta.

Ƙwayar dimanhidirinat ta manya yawanci miligiram 50 ce. Babba yana shan ɗaya, in ta kama biyu. Wanda bai taɓa sha ba ya fara da ɗaya. Aikinta yana kai awa 4 zuwa 6. Mai tafiya mai nisa yana iya ƙarawa, amma sai awa 6 ta cika. Misali, wanda ya sha da ƙarfe 4 na asuba a Damagaram ba zai sake sha ba sai ƙarfe 10 na hantsi, kuma sai idan yana da bukata. Iyakar da aka sa wa babba ita ce miligiram 400 cikin yini da dare, watau ƙwaya 8, amma tafiya ɗaya ba ta bukatar ko kusa da haka. Nautamine awonta dabam ne, don haka a tambayi ma'aikacin farmasi a lokacin saye, a sa shi ya maimaita har a riƙe.

Ladan maganin barci ne

Wannan shi ne babban abin da ya kamata kowa ya sani. Ƙwayar tana kwantar da wurin da ke tayar da amai cikin ƙwaƙwalwa, amma ba nan kaɗai take tsayawa ba. Tana kawo gyangyaɗi, ta sa hannu da ƙafa su yi nauyi, ido ya yi dishi-dishi. Mutum yana iya jin kamar ya wartsake alhali hankalinsa bai gama dawowa ba.

Saboda haka direba ba ya shan ta. Yaron mota da zai karɓi sitiyari a hanya ba ya shan ta. Ɗan kabu-kabu da mai adaidaita sahu ba sa shan ta. Goro ko shayi mai kauri ba su isa su kore wannan barci ba.

Akwai kuma wani haɗari da ba a cika tunawa da shi ba. Manomi ya sauka daga babbar mota a bakin kwalta, a Madawa ko a Tasawa, saura kilomita da dama zuwa ƙauyensa. Ya ajiye babur wurin wani ɗan'uwa, sai ya hau ya kama hanyar rairayi, wataƙila da mata da yaro a baya. Ƙwayar da ya sha tana nan cikin jininsa. Wanda ya san zai tuƙa babur bayan saukarsa, to kada ya sha ta biyu a hanya, kuma ya huta har nauyin kan ya sake shi sarai. In bai sake shi ba, ya ba wani ya tuƙa, ko ya kwana. Haka mai shiga rijiya, da mai jan guga a bakin rijiya mai zurfi, da mai aiki da injin niƙa: ranar da aka sha ƙwaya, waɗannan ayyuka su jira gobe.

Shi ma fasinja ya yi lissafin barcinsa. Mai ɗauke da kuɗin bisashe, da macen da ke tafe ita kaɗai da goyo, su san cewa barcin zai yi nauyi. In da hali a yi tafiya da abokin hanya. Kada kuma a karɓi ƙwaya daga hannun baƙo cikin mota, ko da ya nuna tausayi.

Barcin yana ninkuwa idan ƙwayar ta haɗu da giya ko burkutu, ko tiramadol, ko maganin barci irin diyazefam. Irin wannan haɗi yana iya danne numfashi. Sannan akwai haɗin da ake yi ba da sani ba. Magungunan mura da yawa, da na ƙaiƙayi, da ƙwayoyin da ake sha don buɗe ciki a yi ƙiba, suna ɗauke da magani ɗan gidan su dimanhidirinat. Mai mura da ya sha nasa da asuba, ya ɗora ƙwayar mota a kai, ya sha abu guda sau biyu.

Ƙwayar tana busar da baki, tana kuma rage zufa. A watannin bazara, cikin motar da ta cika, wannan abin lura ne, domin da zufa jiki yake sanyaya kansa. Mata da yawa suna ƙin shan ruwa ranar tafiya don gudun amai da fitsari a hanya. Ƙishirwa da zafi da ƙwaya idan suka taru suna iya kayar da mutum. A riƙe gorar ruwa, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan.

Yara, masu ciki da dattawa

Yaron da bai kai shekara 2 ba, ba a ba shi wannan magani ko kaɗan. Idan jariri yana amai a hanya, a nemi wani dalili. Daga shekara 2 zuwa sama awon yaro ya dogara ga shekarunsa, kuma akwai na ruwa da aka yi domin ƙanana. Ma'aikacin lafiya ne zai faɗi awon. Kada uwa ta ɓara ƙwayar manya da haƙori ta ce rabi ya isa.

Wasu iyaye suna ba yara siro don su yi barci su bar su su huta a mota. Wanda aka fi yi wa haka shi ne purometazin, mai suna Phénergan a kwali. Wannan magani ya taɓa tsayar da numfashin ƙananan yara har suka mutu, shi ya sa aka hana ba ɗan ƙasa da shekara 2. Ga manyan yara ma sai da shawarar likita. Wani yaron kuma maganin juye masa yake yi: maimakon barci sai kuka da firgita da rashin zama wuri ɗaya.

Akwai kuma metokulopiramid, wanda aka sani da Primpéran. Maganin amai ne, amma ba ya yi wa aman mota wani abin kirki. Ga yara da matasa yana iya murɗe wuya, ya sa ido ya kafe sama, harshe ya yi tauri. Iyaye sukan ɗauka iskoki ne, alhali ƙwayar ce. Wanda ya ga haka ya kai yaro likita nan da nan.

Mai ciki ta tambaya a wurin awon ciki kafin ranar tafiya. Mai shayarwa ma haka, domin maganin yana bi ta nono ya isa ga jariri.

Dattijon da fitsari ke yi masa wuya, yana fita kaɗan-kaɗan saboda kumburin da likitoci ke kira furostat, kada ya sha. Ƙwayar tana iya tsare fitsarin ɗungum a tsakiyar hanya. Wanda likitan ido ya ce yana da gilokoma, watau hawan ruwan ido, shi ma kada ya sha sai likita ya yarda. Mai farfaɗiya da mai fuka su fara tambaya. Tsofaffi duka maganin ya fi kama su, yakan rikita su ko ya sa su faɗi wajen saukowa daga mota, don haka a riƙe hannunsu.

Inda ake saye

A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cikin magani 10 da ke yawo a ƙasashe masu tasowa, wajen 1 jabu ne ko kuwa bai kai awon da aka rubuta ba. Ƙwayar da ta yini bisa faranti cikin rana, an yanke ta daga takardarta, ba suna ba kwanan wata, ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ke cikinta. Ragin ƴan daloli bai kai wannan kasada ba. A saya a farmasi ko a gidan likita, kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya.

A nan wanda ya yi yaƙi da jahilci yake cin amfanin karatunsa. Bisa kwali ko bisa takardar ƙwaya akwai baƙaƙe uku, EXP, da lambobi a gabansu. Idan an rubuta EXP 03/2027, ana nufin maganin yana da kyau har wata na 3 na shekarar 2027. Wanda lokacinsa ya wuce, a mayar wa mai shi. Sauran ƙwayar da ta rage a ajiye ta cikin kwalinta, wuri mai inuwa, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Idan yaro ya tsinci ƙwayoyin ya haɗiye, ko babba ya sha fiye da kima, alamun su ne jiki ya yi zafi ya bushe, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, mutum ya yi ta sambatu yana ganin abin da babu, ko barcin da ba a iya tashe shi, ko jijjiga. Kada a tura masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa madara ko mai. A kwantar da shi bisa gefe, a ɗauki kwalin maganin, a nufi gidan likita mafi kusa.

Mutane da yawa ma ba sa bukatar ƙwaya. A je tasha da wuri a samu wurin gaba ko na bakin taga. A sa ido can nesa bisa hanya, ko a rufe ido a jingina kai. A bar kallon salula da karatu cikin mota. Kada a hau da yunwa, kada kuma a cika ciki da abu mai maiƙo. Ɗan koko ko burodi ya isa. Wasu suna jin daɗin tauna ƴar citta. Duk inda mota ta tsaya, a Doso ko Dogon Dutsi ko Ƙonni, a sauka a sha iska.

Aman mota yana lafawa bayan an sauka an huta. Idan aka isa gida amai bai tsaya ba, ko ya zo da zazzaɓi, da gudawa, da ciwon kai mai tsanani ko sanƙarewar wuya, to ba mota ba ce. Yana iya zama zazzaɓin sauro, ko sanƙarau, ko amai da gudawa. Ƙwayar mota ba ta maganin ko ɗaya cikinsu, barcinta ma yana iya ɓoye tsananin ciwon. A fara ba marar lafiya ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, a kai shi likita a ranar.