ARAHAR HARSASHI DA TSADAR LAFIYA

A ƙasar Amurka, inda farauta da gasar harbi ke cikin abubuwan shaƙatawa, maharba da yawa ba sa zubar da kwanson harsashi bayan sun yi harbi. Sukan tara shi su sake cikawa a gida, domin kwanson tagulla ne ya fi tsada cikin sassan harsashi guda huɗu, kuma yana jure amfani sau da dama. Sauran sassan su ne albarushi, da ɗan maɓallin da ke tayar da wuta a gindin kwanso, da kan harsashin da ke fita ta bakin bindiga. Masu neman ƙarin rangwame har kan harsashin sukan zuba da kansu, daga tsohuwar dalma irin wadda ake maƙalawa a ƙafar mota don daidaita taya.

Dalma ta samu karɓuwa ne saboda tana da nauyi, ga laushi, ga araha, kuma tana narkewa a digiri 327 kacal na ma'aunin Salsiyas. Sai dai Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Akwai wani lissafin da mai tattalin kuɗi kan manta da shi, wato na jikinsa da na iyalinsa.

Yadda dalma ke shiga jiki

Idan aka narka dalma, wani datti mai launin toka yakan taso a samanta. Da ya bushe sai ya zama ƙura, ta kama hannu da tufafi da daɓen ɗaki. Tsaftace tsofaffin kwansuna ma yana tayar da irin wannan ƙura. Daga nan sai a shaƙe ta, ko a haɗiye ta tare da abinci.

Jiki ba ya da wani amfani da dalma, amma yakan ɗauke ta a matsayin kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi. Saboda haka takan bi jini zuwa ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, sannan ta kwanta a ƙashi da haƙora shekaru da yawa. Tana kuma hana aikin sinadaran da ke haɗa himogulobin, abin da ke jawo ƙarancin jini. Lokacin da mace ke da juna biyu, dalmar da ke ƙashinta kan koma cikin jini ta isa ga ɗan tayi.

Ƙananan yara su suka fi shiga haɗari. Hanjinsu na tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba ke tsotsewa, ga shi suna rarrafe a ƙasa suna kai hannu baki. Illar ga ƙwaƙwalwa ba ta cika warkewa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Alal misali, a Caroy da ke gefen birnin Dakar na Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 a wata unguwa da ake fasa tsofaffin batiran mota don cire dalma. A jihar Zamfara kuwa, a shekarar 2010, niƙan duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje ya halaka yara kimanin 400.

Dabbobi ma ba su tsira ba

Agwagin ruwa kan haɗiye ƙwayoyin dalmar da suka faɗa tafki suna zaton tsakuwa ce, ƙundunsu ya niƙe ta, ta zame musu guba. Wannan ya sa Amurka ta haramta farautar tsuntsayen ruwa da harsashin dalma a 1991. Babbar ungulun Kalifoniya, wadda 27 kawai suka rage a 1987, gubar dalma daga mushen dabbobin da aka harba na cikin manyan abubuwan da ke kashe ta. Tun daga 2019 jihar ta hana farauta da dalma gaba ɗaya, maharba suka koma ga jan ƙarfe da baƙin ƙarfe.

A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ba tare da izinin hukuma ba. Amma darasin ya shafi duk gidan da ake narka dalma, ko na mai gyaran batir ne ko na masunci mai zuba dalmar taru. Ya kamata malamai su faɗakar da ɗalibai cewa a nisanta irin wannan aiki daga tsakar gida da tukunyar abinci, a wanke hannu da sabulu, a kuma canza tufafi kafin a ɗauki yaro. Rigakafi dai ya fi magani.